Manyan Tayoyi: Yadda Za Ka Hana 'Ya'yanka Sayar da Tsohuwar Motarka

Kai dattijo, matso kusa. Idan kana da tsohuwar mota, kana kuma da 'ya'yan da suka fara yi mata kallon akuyar da ta daina haihuwa, wannan bayani naka ne. Bi shi daki-daki, kada ka tsallake ko ɗaya. Na yi maka alkawari motarka ba za ta bar gidanka ba. Dillali ba zai fitar da ita ba, suruki ba zai fitar da ita ba, 'yar da ta yi karatu ma ba za ta iya ba. Ba ji na yi ba, gani na yi. An gwada wannan hanya a gidan wani tsohon kafinta da ke layinmu, ta kuma ci. Da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Ka gane inda aka nufa

Ba a zuwa kai tsaye a ce maka kawo makulli. Da tausayi ake farawa. Za ka ji ana cewa Baba ka huta, Baba rana ta yi zafi, Baba bari a aiko a kai ka. Duk ranar da 'ya'yanka suka fara tausayinka, ka taɓa aljihunka.

Kafinta bai taɓa nasa da wuri ba. Motarsa ta girmi autansa, ita ce ma ta kai uwar asibiti ranar haihuwarsa. Ta ɗauki katako a ka, ta ɗauki ƙofofi, ta ɗauki gadaje. Tsufa ya sa ta ɗan durƙusa, kamar kowa. Wata safiya ya ɗauki matarsa zai kai ta awon jini a asibitin da babbar 'yarsu ke aikin jinya. A bakin asibitin akwai tudun nan da ake yi a kan titi don a rage gudu. Motar ta hau, cikinta ya zauna a kai, salansa ta cire ta faɗi. Ba gaba, ba baya. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta gyara mayafinta, ta ƙarasa da ƙafa kamar ba ta san mai motar ba. 'Yar ta fito cikin fararen kaya, abokan aikinta na bayanta suna kallo.

Wannan 'ya sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ita kuwa ta ɗauki sunan da gaske. Da la'asar ta zo gida, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ƙarshen wata wani dillali zai zo ya ga motar. Daga nan duk inda suke son zuwa, mijinta zai aiko a kai su.

"Baba, tudun nan har fenti aka yi masa. Kowa yana ganinsa."

"Na gan shi, Uwata. Motar ce ba ta gan shi ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a shirya takardun mota.

To ka ji abin da ke ƙasa. Ba maganar ƙarfe ake yi ba. Mutumin da aka karɓe wa makulli, shi ne za ka gani tsaye a ƙofar gida da hula a kai yana jiran suruki, kamar saƙon da aka manta.

Mataki na 2: Nemo mai laifi, kada ya zama kai

Kada ka yarda a kawo zancen ido. Da an shiga zancen ido, an gama da kai, domin su ke da likita.

Yi lissafi irin na manya. Me ya sa cikin mota ya taɓa ƙasa? Domin gajera ce. Me ya sa ta zama gajera? Domin tayoyinta ƙanana ne. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Kafinta bai kwana biyu ba ya kai ga wannan amsa, shi kaɗai, ba tare da ya tambayi kowa ba. Idan ya ɗaga motar, ba ta ƙara zama a kan tudu. Idan ba ta zama a kan tudu, Uwata ba ta da hujja. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Mataki na 3: Auna da kanka

Kada ka ba kowa wannan aiki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle idon mai sana'a.

Kafinta ya ɗauko tef ɗinsa na awo, ya tsuguna a gefen motar cikin rumfa. Abin da ya gani ya ba shi kunya. Tsakanin saman taya da bodin mota akwai gurbin da tafin hannunsa ya shige har wuyan hannu, da sauran wuri. Gaba haka, baya haka. Shekara da shekaru yana yawo da wannan ɓaraka a gari bai lura ba, shi da bai taɓa rataya ƙofar da kyankyaso zai bi ta ƙarƙashinta ba. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ranƙwashi a kan gurbi. Gurbi lalaci ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan take ya gane masu ƙera motar sun yi rowar roba ne, suka bar wa mai saye rami.

Ya auna tsawon ramin, ya auna faɗinsa, kamar yadda ake auna bakin ƙofa kafin a yanka katako. Abin da ramin ya ba shi, shi zai cika. Ba ragi.

Ka kiyaye abu biyu a nan. Kada ka juya sitiyari kana awo, ba a auna ƙofa tana lilo. Kada kuma ka bar kowa ya zauna a ciki. Motar kake aunawa, ba iyalinka ba.

Mataki na 4: Toshe kunnenka

Da zarar ka furta niyyarka a bencin da kuke zama da yamma, kowa zai zama injiniya. Ka bar su.

Wani tsohon direban babbar mota ya gaya wa Kafinta cewa da manyan tayoyi agogon gudu zai riƙa yi masa ƙarya, yana gudu sosai agogon na nuna kaɗan. Kafinta ya ce agogon ya mutu tun kafin a yaye autansa, matacce kuwa ba ya ƙarya. Wani ya ce za ta ƙara shan mai. Ya ce wanda ya ƙara girma dole ya ƙara ci. Wani ya ce za ta yi nauyi wajen tashi, ba za ta ji daɗin hawan tudu ba, birki ma sai ya yi nisa kafin ya kama. Ya ce shi ma haka yake, kuma ba wanda ya sayar da shi.

Akwai wanda ya fara cewa wani abu game da kwana. Kafinta ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Mutum ba ya zama har a gama kowace magana.

Mataki na 5: Zaɓi mai tayar da ya san girman manya

Masu taya iri biyu ne. Akwai mai tambaya, akwai mai tarbiyya.

Na farko da Kafinta ya je wurinsa bai ma kawo kujera ba. Sai tambaya yake, wace lamba ce a jikin tsohuwar tayar, wace irin mota ce, ta wace shekara. Kamar ofishin 'yan sanda. Ya ce wai ba a wuce girman asali sai da kaɗan. Irin wannan ka bar masa shagonsa.

Na biyu tun daga nesa ya taso, ya karɓi jakarsa, ya goge benci da hularsa. Kafinta ya faɗi awonsa. Mai Taya ya rufe ido ya girgiza kai, ya ce rabon da ya ga wanda ya zo da awonsa a ka tun zamanin ubangidansa. Ya shige can ciki ya mirgino wasu tayoyi baƙaƙe wuluk, masu faɗi, masu manyan haƙora, an ciro su daga wata doguwar motar daji, da wilinsu masu ƙyalli. Ramukan noti sun yi daidai da na motar Kafinta. Mai Taya ya ce wannan ba sa'a ba ce, rabo ne.

Idan ramukan noti suka yi daidai, kada ka ƙara bincike. Yawan bincike rashin godiya ne.

Sai babban sirri: yi musaya. Ba da tsofaffin tayoyinka da wilinsu, har da safaya, a matsayin ciko. Kada ka bar ko ɗaya a gida. Tsohuwar taya a bayan ɗaki makami ce a hannun iyali. Rana ɗaya za ka fita ka dawo ka tarar an mayar da ita.

Mataki na 6: A ɗaura a gida, a ɓoye

Shagon Mai Taya na kan hanyar da Uwata ke bi zuwa aiki. Idan ta ga motar a kan jak a bakin titi, magana ta ƙare. Saboda haka Kafinta ya jira ranar da matarsa ta tafi wuni gidan ƙanwarta, ya kira Mai Taya har cikin rumfa.

Aka ɗaga, aka cire, aka ɗaura, aka ɗaure. Da aka sauke jak motar ta zauna a kan sababbin ƙafafunta, gurbin nan ya rufe ruf. Kafinta ya gwada zura yatsa, bai shiga ba. Ya gwada ɗan siririn katako, da ƙyar. Tun da ya bar aiki bai ji daɗi irin na wannan rana ba. Motar ta miƙe, ta buɗe ƙafa, tayoyin sun ɗan leƙo waje ta kowane gefe kamar ɗan dambe ya shigo fili.

Mai Taya ya zagaya ta sau ɗaya, ya dubi sitiyari, ya dubi ƙofar gida, ya sosa ƙeya. Ya ce kamar da su aka haife ta. Ya loda tsofaffin a baro da sauri. An kawo masa ruwa ya ce ya ƙoshi.

Da matar gida ta dawo, ta tsaya a bakin rumfa da jakarta a hannu ta daɗe tana kallo.

"Malam, takalman wa ta aro?"

"Nata ne."

"To Allah ya sa ta iya tafiya da su. Ni dai ba da ni za a gwada ba."

Kada ka amsa irin wannan magana. Wanda bai san awo ba bai san kyau ba.

Mataki na 7: Gwada, amma kada ka ba abin da ya faru suna

Sai ka san yadda gidan Kafinta yake. Tsakar gidan siririya ce. Rumfar mota na gefe guda, tana kallon bangon kicin. Ƙofar fita na can ƙarshe, ta hannun dama. Kafin mota ta fita sai ta yi ribas daga rumfa, a murɗe sitiyari har ƙurewa, ta juya hanci, sannan ta miƙe. Shi ya gina rumfar, shi ya yi ƙofar gidan da hannunsa, ya kuma yi su daidai jikin motar, domin ba ya barin gurbi.

Washegari ya sa hula, ya hau. Hawa ne yanzu, ba shiga ba. Ya tayar, ya sa ribas, ya murɗa sitiyari. Bai kai rabi ba taya ta ciji bodi, aka ji wani gurnani kamar ana jan tebur a kan siminti. Ya murɗa ɗaya gefen, haka. Sitiyarin da yake juyawa kamar faifai ya koma ɗan kaɗa kai, kamar mai jin kunyar suruka.

Kafinta ba ya barin aiki a tsakiya. Ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan, yana satar kwana kamar mai zare ƙusa. Kafin azahar ya yi nasarar fito da ita daga rumfa. Sai dai ba ta kalli ƙofa ba. Ta tsaya a karkace a tsakar gida, bayanta na jingine da bangon kicin, hancinta na shinshinar famfo. Rumfar ma ba ta komuwa. Matarsa ta fito da bokitin wanki ta tarar sai ta bi ta gefe, ta matse ciki, kafin ta kai ga ruwa. Ta shanya zanenta a kan madubin mota.

Ya ɗauko abin fere katako ya gwada rage gefen taya, yadda ake yi wa ƙofar da ta kumbura da damina. Roba ba katako ba ce, ba ta da biyayya. Ya koma wurin Mai Taya, ba don ya yi nadama ba, don dai ya gaisa. Cikin hira ya tambayi tsofaffin. Mai Taya ya yi salati, ya ce ai tun a ranar masu kurar ruwa suka kwashe, kuma irin wannan ƙaramin wili ya yi wuya yanzu, sai an tona.

A nan raunana ke karaya. Kai kada ka karaya. Tuna abin da ka fito nema.

Mataki na 8: Ranar dillali, yi shiru

Ƙarshen wata Uwata ta zo da dillali, mijinta na biye da su yana kallon ƙasa. Kafinta ya sa kujera a inuwa ya zauna, ya harɗe ƙafa. Haka za ka yi. Kada ka yi bayani. Mai bayani shi ne mai laifi.

Dillali mutum ne mai baki. Tun daga ƙofa ya fara kushe motar yadda suka saba, fenti ya tsufa, kujera ta zauna. Da ya kai ga tayoyin sai maganar ta tsaya masa. Ya nemi makulli, Kafinta ya miƙa masa da yatsu biyu. Ya hau, ya tayar, ya murɗa, motar ta yi masa gurnanin nan. Ya sauko yana gumi. Ya ce a samo ƙarti su ciccibe ta su juya hancinta. Kafin a aika, ya je ya buɗe ƙofar gida, ya auna faɗinta da hannuwansa, ya dawo ya auna daga taya zuwa taya. Ya sake komawa. Ƙofar da aka yi daidai jikin mota ba ta san da zancen tayoyin da suka leƙo waje ba.

Ya ce a sace iska. Mijin Uwata ya ce a hankali iska tsawo take ragewa, ba faɗi ba. Dillali ya ce a yanke bodi, sai ya tuna bodin ne abin da ya zo saye. Ya ce a cire ƙofar a fasa gefen katanga. Matar gida ta leƙo ta tagar kicin ta ce katangar ta su biyu ce da maƙwabci, kuma mutumin ba ya amsa sallama sai ya ga dama.

"Hajiya, ba abin damuwa ba ne," in ji dillali yana kallon Uwata. "Ki ba ni 'yan kwanaki. Na san masu tsofaffin kaya, zan tono ƙananan wili irin nata. A mayar mata, ta fita lafiya lau."

Uwata ta juya. Ta dubi motar da ke karkace a tsakar gida. Ta dubi ƙofa. Ta dubi mahaifinta, wanda ya tsura wa makullin da ke hannun dillali ido kamar kaza ta ga shaho a kan 'ya'yanta.

"A'a, bar shi. Mun fasa."

Ta karɓi makullin, ta je ta durƙusa, ta sa masa a hannu.

"Baba, riƙe abinka. Tayoyin sun yi mata kyau. Kada ka bari kowa ya canza su."

"Da ma na gaya miki."

"Ka gaya mini, Baba."

Da ta shiga kicin, ya ji uwar tana tambayarta a hankali ko haka za a bar wannan abu a gaban famfo. Ya ji amsar kuma, domin idonsa ake zargi, ba kunnensa ba.

"Umma, ki yi haƙuri da matsi. Motar na gida, shi ma yana gida. Me kuma nake nema?"

Kafinta ya ji, ya zura makulli a aljihu, ya gyara zaman hularsa. An ce da Uwata za ta koma ta tsaya a shagon Mai Taya, ta gaya masa idan ƙananan wili suka shigo hannunsa, ba lallai ne mahaifinta ya sani ba. Mai Taya da kansa ya ba da labarin a benci. Wannan ba komai ba ne. Wanda aka kayar dole ya nemi abin faɗa.

Mataki na 9: Riƙe nasararka

An zo sayar da mota, ba a sayar ba. An zo karɓar makulli, an durƙusa an mayar. In wannan ba nasara ba ce, kawo taka mu gani.

Yanzu kullum da hantsi Kafinta na goge motarsa, ya hau, ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya kunna rediyo. Daga kan kujerar yana hango kawunan masu wucewa ta saman katanga, abin da da can sai ya miƙe tsaye. Ranar asibiti motar suruki na zuwa. Yana shiga gaba, domin shi mai mota ne da ya ga damar barin tasa a gida, ba wanda aka rage wa hanya ba. Kafin ya shiga sai ya tsuguna ya zura hannu tsakanin tayar suruki da bodi, ya girgiza kai. Surukin ya kan ce za a duba, Baba.

Sai dai mai sana'a ba ya zama. Kwanan nan an ga Kafinta da tef a bakin ƙofar gida, yana auna ginshiƙi, yana ƙwanƙwasa katanga da bayan yatsa yana saurare. Ya kuma fara gaida maƙwabcin nan da fara'a, har da tambayar lafiyar yara. Matarsa ta tattara guduma da zarto da duk wani abu mai baki ta kai gidan ƙanwarta. Shi kuwa bai tambaya ba. A benci ya ce wa tsohon direba ko har yanzu yana da babbar gudumar nan tasa.

Wannan mataki ba ya cikin bayanina. Nawa ya ƙare a makulli.

Abin da ban ɗauka ba

Na ce motarka ba za ta bar gidanka ba. Ban ce kai za ka bar gidan da ita ba. Idan taya ta ci bodi, tsakaninka da mai walda. Idan uwar 'ya'yanka ta gaji da matse ciki ta bi kayan aikinka zuwa gidan ƙanwarta, kai ka san hanyar biko. Idan taka motar ta yi rashin sa'a ta fita titi da irin waɗannan tayoyi, birki ya ƙi kamawa inda ka saba, kada a ambaci sunana a gaban hukuma. Idan kuma katangar maƙwabci ta faɗi, ban san ka ba, ban san Kafinta ba, ranar ma ba na gari.